Wayar da Ta Sha Ruwan Nilu

Unguwar Alshajara tana kudancin Hartum, a bakin Farin Nilu. Ma'anar sunanta da Larabci ita ce bishiya, kuma a zamanin Turawa Bishiyar Gordon ake ce wa wurin. Wani hali na kogin ne ya sa na fara da ita. Idan damina ta kankama a tsaunukan Habasha, Shuɗin Nilu yakan sauko a fusace, ya iso mahaɗa a Mugran, ya tare wa ɗan'uwansa hanya. Farin kuwa da ya rasa mafita sai ya kumbura, ya fantsama cikin unguwannin gefensa. A watan Satumba na 2020 ruwan kogin a Hartum ya haura mita 17 da rabi, ya zarce na 1946 da na 1988, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Kalakla, maƙwabciyar Alshajara, tana cikin waɗanda suka ji jiki. Ana ta rushewar gidaje, wa zai tsaya ƙirga wayoyi da rediyoyin da aka tsamo daga laka?

To, an tsamo. Sai me? Daga Umdurman har kasuwar Farm Centre a Kano amsar ɗaya ce: a tusa wayar cikin shinkafa. Wallahi wannan magana ta ishe ni. Busasshiyar shinkafa ba maganaɗisu ba ce, ba ta da hannun da za ta zura cikin waya ta jawo ruwa. 'Yar laimar da ke kewaye da ita kawai take sha, a hankali, kuma idan ka binne waya a buhu ka toshe mata iska, wadda ita ce mai aikin gaskiya. Sannan ga garin shinkafar da ɓarɓashinta suna shiga ramin caji. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta wa masu iPhone cewa kada su sa ta cikin shinkafa, saboda wannan ɓarɓashi. Za ka ji wani yana rantsuwa cewa tasa ta tashi bayan kwana uku a buhu. Ta tashi mana! Kwana ukun da ya ƙyale ta bai kunna ba su ne suka cece ta, shinkafa ta karɓi yabo a banza. Abin dariyar ma shi ne, in ka ɗauke watannin damina, iskar Hartum busasshiya ce ƙayau, wanki kan bushe kafin ka gama shanya. Mutum yana zaune cikin wannan ni'ima yana neman taimakon tukunya.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ruwan ya ɗauko. Ruwan ambaliya jajawur yake da laka, akwai gishiri, akwai ƙazantar masai da ta kwata. Ruwa zai ƙafe, amma waɗannan suna nan maƙale a allon da ke cikin wayar. Muddin batiri yana ciki, wuta na bin wannan danshi tana cin siraran layukan tagulla, har ka ga wani kore-kore ko fari-fari ya fito. Shi ya sa waya kan yi aiki lafiya mako guda sannan ta mutu, mai ita ya ce ai mai gyara ne ya cuce shi.

Saboda haka a kashe ta nan take, a cire batiri idan mai cirowa ne, a zare sim da memori, kada a jona caji don "a gwada". Idan laka ta shiga, wanki take buƙata kafin bushewa. Masu gyara na ƙwarai sukan buɗe ta, su goge allon da buroshi mai taushi da sinadarin aisofrofil mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko fiye, wanda ke kore ruwa ya kuma ƙafe da kansa. Daga nan sai inuwa da fanka, kwana biyu ko uku. Rana kuwa a'a. Zafin Hartum kan wuce digiri 40, batirin lithiyam kuma yana iya kumbura ko ya kama da wuta. Masu ɗora waya kusa da kaskon kisra, wato gurasar Sudan, Allah Ya kyauta.

Kibod ɗin kwamfutar tebur ya fi sauƙin sha'ani. Maƙiyinsa shayin nan mai sukari da ake sha a bakin kogi, da karkade, wato zoɓonmu. Sukari ne ke danƙare maɓallai. Zare shi, kife shi, ɓalle maɓallan, wanke su da ruwa mai tsabta, ka bar shi a kife ya bushe sarai. Na laftof daban ne, domin ƙwaƙwalwar injin tana ƙarƙashinsa. Kashe ta, ka kai wa mai gyara a ranar.

Masu taƙama da wayar da "ba ta jin ruwa" su sani cewa lambar IP67 tana nufin zurfin mita ɗaya na minti 30, a ruwa mai tsabta na ɗakin gwaji, kuma robar da ke toshe kafofin tana tsufa. Wayoyi da yawa suna da wani ɗan farin tambari a ramin sim wanda ke komawa ja idan ruwa ya taɓa shi. Mai sayen waya ta hannu bayan damina ya haska tocila a nan kafin ya biya.