Cire Farfelar Gaba a Motar Kaya Mai Ja da Taya Huɗu

Farfela doguwar sandar ƙarfe ce da ke shimfiɗe a ƙarƙashin mota, tana kai ƙarfin inji daga giya zuwa ga tayoyi. Motar da ke ja da taya huɗu tana da biyu: ta baya da ta gaba, dukansu suna fitowa daga ƙaramin akwatin raba ƙarfi da ke manne da giya. A hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Matamaye zuwa Ɗan Barto, ta tsallaka iyaka zuwa Kwangwalam da Daura, motocin kaya suna shan wuya: lodi ya wuce ƙima, ga yashin hanyoyin ƙauye, ga taɓon damina. Ƙura kan shiga kuros, wato gaɓar da ke bai wa sandar damar lanƙwasawa, ta cinye giris. Alamar ita ce ƙara lokacin tashi, da jijjiga idan an taka mota.

Kafin a ɗauki sifana don cire farfelar gaba, wajibi ne a san irin motar. A Hilux da yawa da Land Cruiser samfurin 70, direba ne ke haɗa tayoyin gaba idan ya so. Waɗannan suna tafiya lafiya da farfelar baya kaɗai. Amma Hiace mai ja da huɗu da aka fara ƙerawa a 2004 kullum a haɗe take, kuma akwatinta na da wani mai mai kauri da ke daidaita gaba da baya. In aka raba ta da farfelar gaba, man zai yi ta zafi har na'urar ta lalace. Wasu motocin ma ba za su motsa ba sai an kulle giyar tsakiya da ke cikin akwatin raba ƙarfi, kuma suna iya gangarawa ko da an bar su cikin giya.

Aikin yana farawa da ajiye mota a wuri mai ƙwari, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyi. Ba a shiga ƙarƙashi bisa dogaro da jak kaɗai, musamman a ƙasa mai yashi. Sai a ja layi da fenti a mahaɗin kowane gefe, domin sandar ta koma yadda aka daidaita ta. In ta sauya zama, jijjiga na iya biyowa. Galibi noti huɗu ne a kowane gefe. Ana sassauta su duka, a tallafe sandar, sannan a zare. Idan irin mai zurawa cikin akwati ce, a toshe ramin don kada mai ya zube. Kada a bari ɓangarorin sandar biyu masu shiga cikin juna su rabu.

Masu cire ta da fatan rage shan mai ba sa samun wani abin kirki, domin aksul ɗin gaba na nan da nauyinsa. Amfanin cirewar shi ne gano tushen ƙara, ko lallaɓa mota zuwa gareji. Bayan an sa sabon kuros, irin wanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sai a mayar bisa alamar fenti, a ɗaure notuna sosai, a ɗura giris, a kuma sake duba ɗaurin bayan tafiyar farko.