In Mota Ta Mutu A Hanya, Mu Fara Tambayar Yadda Ta Mutu

Jama'a, duk wanda ya saba bin hanyar Garwa zuwa Marwa, ko ya hau dutsen Mbe zuwa Ngaundere, ya ga mota a gefen titi, bonet a buɗe, fasinjoji sun yi cirko-cirko a rana. Da yawanmu 'yan kasuwa ne da direbobi, kuma ba mu manta da yadda 'yan fashin hanya suka addabi yankin nan a shekarun 1990 ba. Kwana a daji ba abin wasa ba ne.

Inji mai amfani da fetur yana bukatar abu uku: mai, wuta da iska. Yadda ya mutu shi zai nuna mana wanda ya rasa.

In mota ta yi ta fizga tana tari kafin ta tsaya, sai mu zargi mai. Mu duba tanki, sannan matatar mai. Fetur ɗin zuwa-zuwa da ake shigowa da shi daga Najeriya yakan zo da ruwa ko datti. A zuba kaɗan a farar kwalba a jira. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa. Araha dai ba ta ado. A watannin Maris da Afrilu kuwa, sa'ad da zafin Garwa ke wuce digiri 40, fetur kan zama tururi a cikin bututun tsofaffin motoci masu kafireta. A ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai, a ɗan huta. Sababbin motoci famfonsu na cikin tanki. In an murɗa makulli ba a ji ƙararsa ba, a duba fis.

In ta ɗauke farat ɗaya kamar an kashe fitila, wuta ce. A fara da kan batir, domin gargada na kwance shi. Sai wayar kwayil, sai fulogi, wanda muke kira buji.

In baƙin hayaƙi ya riga mutuwar, ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska. A cire ta a kakkaɓe.

Akwai alamu biyu da ba a gardama da su. Na farko, allurar zafi ta hau ja, tururi na tashi: a duba fanbel, kada a buɗe lagireto sai inji ya huce, don ruwan na ƙona fuska. Na biyu, an yi kik inji na juyawa da sauri fiye da kullum ba nauyi: mai yiwuwa bel ɗin taimin ya tsinke. A bar makulli haka nan, a nemo bakanike, kada ɓarnar ta kai ga bawul.

Kafin komai, a tura motar gefe, a jera ganye a titi gaba da baya. Direban da ya iya faɗa wa bakanike yadda motarsa ta mutu, ba za a sa shi sayen batir a kan matatar mai ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu gida lafiya, amin.