Gizo-gizo mai saƙar zinariya da danginsa

A ƙasashe masu zafi akwai wani babban gizo-gizo da ke shimfiɗa yana tsakanin itatuwa, wadda faɗinta kan zarce mita ɗaya.

Idan rana ta haska zaren sai ya yi ƙyalli kamar zinariya.

Wani masani ɗan Ingila, William Leach, shi ne ya raɗa wa jinsin suna Nephila a shekarar 1815, kuma an shafe kimanin shekaru 200 ana haɗa irinsa na Afirka da Asiya da nahiyar Amurka a ƙarƙashin wannan suna.

Amma a shekarar 2019 wani masani ɗan ƙasar Sloveniya, Matjaž Kuntner, da abokan aikinsa sun binciki ƙwayoyin halittarsu, inda suka gano cewa ba duka ba ne suke da kusancin da ake zato.

Saboda haka aka mayar da akasarinsu wani jinsi mai suna Trichonephila.

Cikin waɗanda suka rage a tsohon jinsin akwai Nephila pilipes, da ake samu daga Indiya har zuwa Ostareliya, da kuma Nephila constricta na dazuzzukan Afirka.

Shi kuwa Trichonephila senegalensis, wanda ya samo sunansa daga Senegal, ya bazu daga yammacin Afirka har kudancinta.

A dukkansu macen ta ninka namijin girma sau da yawa, kuma ita ce ke saƙa babbar yanar.

Masana sun ce tantance su yana da muhimmanci, domin sai an san ainihin halitta ake iya gane wadda ke fuskantar barazana da kuma baƙuwar da ta shigo.

Alal misali, a shekarar 2014 an ga nau'in da ake kira Joro, ɗan asalin gabashin Asiya, a jihar Georgia ta Amurka, kuma tun daga lokacin yake yaɗuwa zuwa jihohin da ke maƙwabtaka da ita.

Cizonsu dai ba ya da haɗari sosai ga ɗan Adam, kuma ƙwari ne abincinsu.

Zarensu ma yana da ƙarfi, domin a shekarar 2009 an baje kolin wani mayafi a birnin New York, wanda aka saƙa a Madagaska da zaren gizo-gizo fiye da miliyan ɗaya.