Ramin Tsakuwa, Tafkin Kifi Da Rijiyar Unguwa

Duk wanda ya bi hanyar Tamale zuwa Savelugu, ko ta Tolon, ko ta Salaga, ba zai rasa gamuwa da tifofi maƙare da tsakuwa da yashi sun doshi gari ba. Gine-gine na ƙaruwa, samari na samun na tuwo. Haka kuma a zangunanmu, daga Tamale har Kumasi da Ankara, mutane da dama sun shiga kiwon tarwaɗa da karfasa a bayan gida. Sana'o'in nan biyu halal ne, ba mai musun wannan. To amma akwai abin da suke taɓawa wanda ido ba ya gani, wato ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiyoyinmu ke sha daga gare shi.

Mai karatu, ruwan rijiya ba daga wani kogi na ɓoye yake zuwa ba. Ruwan sama ne da ya nutse ta cikin ƙasa da yashi da tsakuwa, ya taru a tsakanin ƙwayoyinsu da tsagogin duwatsu. A kan hanyarsa ta sauka ne ƙasa ke tace shi, kamar yadda mace ke tace gasara da rariya. Ke nan tsakuwar da ake kwasa ita ce rariyar, ita ce kuma murfin randar.

A yankin Tamale lamarin ya fi tsanani, domin dutsen da ke ƙarƙashin garin irin mai laka-laka ne da ba ya riƙe ruwa sosai, shi ya sa ake yawan haƙa burtsatse a tarar babu komai. Ga shi damina ɗaya ce a shekara, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Ɗan abin da ƙasa ta adana a watannin nan, shi ake lallaɓawa har ƙarshen rani.

Idan aka kwashe tsakuwa har rami ya kai ga ruwa, ɓarna biyu ke faruwa. Ta farko, ruwan da ke ɓoye ya fito fili, rana da iskar hunturu su yi ta zuƙe shi. Ta biyu, an buɗe wa ƙazanta ƙofa: shara, baƙin man mota, kashin dabbobi, duk su gangara ciki ba tare da tacewa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kakanninmu ma sun bar kududdufai inda suka haƙi ƙasar gini, amma abin da galma da kwando suka yi a shekaru, katafila na yin sa a 'yan kwanaki.

Kwasar yashi a kogi ma haka take. Yashin gindin kogi na riƙe ruwa da rani. In aka rarake shi, gindin ya yi zurfi, sai ruwan da ke cikin gaɓa ya tsiyaye zuwa kogin, rijiyoyin bakinsa su ja baya. Ruwan famfon Tamale daga kogin Farin Volta ake ɗibarsa a Nawuni, a tace shi a Dalun, kuma kamfanin ruwa na ƙasa ya sha kokawa cewa masu kwasar yashi a wurin na dagula ruwan, abin da ke ƙara wahalar tacewa.

Sai kuma kifi. Wani kan ga tsohon ramin tsakuwa cike da ruwa, ya ce ga tafki kyauta. Abincin da kifi bai cinye ba, da kashinsa, su kan ruɓe su zama wani sinadari da ake kira naitiret, wanda ke bin ruwa ya nutse ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a kowace lita ta ruwan sha. Ba ya wari, ba ya sauya launin ruwa, kuma tafasawa ba ta fitar da shi. Wanda ya fi cutarwa shi ne jariri ɗan 'yan watanni da ake dama wa madara da wannan ruwa, don yana hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata.

Mai tankin siminti ko na tamfol ma da nasa. Tarwaɗa na son sauyin ruwa akai-akai. Injinsa na ja daga burtsatse, rijiyar maƙwabci na raguwa, dagwalon kuma a sake shi a lungu. A garuruwan bakin teku, yawan jan ruwa kan jawo ruwan gishiri cikin rijiya.

In rijiya ta ƙafe, ina mata za su nufa? Kududdufi. Ba mu manta da yadda kurkunu ya addabi Savelugu a 2007 ba, bayan da ruwan famfo ya yanke. Sai a 2015 aka tabbatar Gana ta rabu da cutar. Amma gudawa da taifot suna nan.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ma'adinai ta 2006 ta sa yashi da tsakuwa cikin ma'adinan da sai da lasin ake haƙa, kuma Hukumar Albarkatun Ruwa, wadda dokar 1996 ta kafa, ita ke ba da izinin amfani da ruwa don kiwon kifi. Yardar mai fili kaɗai ba ta isa ba.

Saboda haka muna kira ga sarakunan zango, da limamai, da wakilanmu a majalisar gunduma, su riƙa tambayar takarda kafin tifa ta shiga fili, su kuma sa sharaɗin cike rami bayan aiki. Mai kifi ya shimfiɗa leda mai kauri ko laka a gindin tafkinsa, ya nisanta shi da rijiya kamar yadda ake nisanta masai, aƙalla mita 30, ya kuma kai dagwalon lambu, don taki ne mai kyau ga alayyafo da kuɓewa. Unguwa ta yi karo-karo a riƙa gwada ruwan rijiyarta.

Gida ana sake gina shi, kifi ana sake zubawa, amma rijiyar da ta gurɓata kan ɗauki shekaru ba ta dawo ba. Allah ya sa mu gane, amin.