Bayan An Cire Yanar Ido, Sauran Aiki Na 'Yan Gida Ne

A shekarar 2000 an nuna wani kashi na The Simpsons, wasan zane na Amurka, inda aka yi wa maigida Homer aikin ido. Da aka ce ya sayi maganin ɗigawa sai ya ƙi, wai dabarar cin kuɗinsa ce. Ba a jima ba kwantsa ta liƙe masa idanu, ya koma lalube. Yara dariya suke yi in sun gani, amma mu da muka yi jinyar tsofaffi a Aljirif mun san irin Homer suna da yawa a gidajenmu.

Yanar ido, wadda maƙwabtanmu ke kira moya beda, ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali aikinta bai cika wuce rabin awa ba. Likita zai cire ƙwayar da ta yi hazo ya sa ta roba a madadinta, dabarar da Harold Ridley ya fara a Landan a 1949. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, iyayenmu da dama an yi musu a Asibitin Makka na Khartum ko na Walidain a Omdurman, suka kwana a gida ran nan.

To, a gidan ne matsala take. Da an ji Hajiya ta dawo sai tsakar gida ta cika da 'yan dubiya, a kunna turaren wuta, a ɗora kaskon kisra, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin mai jinya. Wata ƙawa ta ce a zizara mata kwalli don idon ya washe. Ga ƙurar habub. Ita kuma da ta fara gane fuskokin jikoki a kwana na uku sai ta ce ta warke, kwalbar magani ta koma ƙarƙashin filo. Mun ga haka da idonmu, har a gidajen malaman makaranta irinmu.

Maganin nan shi ke tare ƙwayoyin cuta da kumburi, kuma makonni ake yi ana ɗiga shi. A ba yaro ɗaya mai hankali amanarsa, ya wanke hannu, ya rubuta lokutan a takarda ya manna a bango. Kada a murza idon, kada ruwan wanka ya shiga, a rufe shi da marfinsa lokacin barci. Batun alwala da sujada kuwa, a tambayi likita kafin a bar asibiti, domin tsofaffinmu ba za su tambaya ba, yi kawai za su yi.

In ciwo ya tsananta, ko idon ya ƙara ja, ko ganin da aka samu ya fara dushewa, a nemi likitan ido a ranar, ko da dare ya yi.