Lokacin Ɗiba Da Hanyar Sarrafawa Su Ne Ran Maganin Gargajiya

Sau da yawa akan ji mutum ya ce ya sha wani saiwa bara ya samu sauƙi, bana kuwa ya sha irinta bai ga komai ba. Nan da nan sai a ɗora wa mai magani laifin ha'inci. Amma binciken masana ya nuna cewa tsiro ɗaya yana iya ba da magani mai ƙarfi yau, gobe kuma ya ba da lami, gwargwadon lokacin da aka ɗebe shi da yadda aka sarrafa shi.

Dalili kuwa shi ne, sinadaran da muke kira magani, tsiro yana yin su ne domin amfanin kansa, kamar kare kai daga ƙwari da zafin rana. Don haka yawansu yakan hau ya sauka da damina da rani, da kuma girman tsiron.

Babban misali ya zo daga ƙasar Sin. A 1967 gwamnatin ƙasar ta kafa shirin neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata masaniya mai suna Tu Youyou ta gwada wani tsiro dangin tazargade, amma sakamakon ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Da ta duba littafin wani likita na ƙarni na 4, Ge Hong, sai ta ga jiƙa ganyen ya ce a yi a matse, bai ambaci tafasawa ba. Nan ta yi zaton zafi ne ke ɓata maganin. A 1971 ta tace ganyen da wani ruwan sinadari mai suna eta, wanda ke tafasa a digiri 35 kacal, abin da ta samu kuwa ya kashe ƙwayoyin cutar a jikin ɓeraye. Daga nan aka samo atemisinin, ita kuma ta karɓi lambar Nobel a 2015. An kuma gano cewa sinadarin ya fi yawa a ganye wajen lokacin da tsiron zai yi fure.

Ko a madafin gidajenmu haka abin yake. Sinadarin tafarnuwa mai kashe ƙwayoyin cuta ba ya samuwa sai an daka ta, kuma wuta tana lalata shi. Citta idan ta bushe, wani sashe na sinadarinta yakan rikiɗe ya zama wani dabam mai tsananin yaji.

To, jama'a, a nan haɗarin yake. Kofi ɗaya na jiƙo bai zama daidai da wani kofin ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dogara da shayin wannan ganye wajen maganin zazzaɓin cizon sauro ba, domin magani kaɗan yakan bar cutar da rai, har ta saba da shi. Wanda zazzaɓi ya kama, musamman yaro ko mai juna biyu, sai a hanzarta kai shi asibiti a gwada jininsa.