Sunan Gari a Bayan Ambulan

Duk wanda ya taɓa aika wasiƙa zuwa Talata Mafara ya rubuta sunan da ba haka mutanen garin suke faɗarsa ba. Bakano zai ce Talatar Mafara, Bazamfare ya ce Talatam Mafara, ko ya taƙaita ya ce Mafara kawai, kamar yadda sarautar garin take, Sarkin Mafara. Talatar kuwa ta kasuwa ce, wadda har gobe ranar Talata take ci. Turawan mulki ne suka rubuta sunan yadda kunnensu ya ji, sannan taswira da takardun En'e da hatimin gidan waya suka bi sahu. Haka Tsafe ta zama Chafe, Kwatarkwashi ta zama Kotorkoshi, Sakkwato ta zama Sokoto. Ma'aikacin da ke rarraba wasiƙu abin da ke cikin kundinsa ya sani, don haka mai son saƙonsa ya isa dole ya rubuta yadda hukuma ta rubuta.

Aikin gidan waya ya fara ne a Legas a 1852, ya daɗe kafin ya hauro Arewa. Isowar jirgin ƙasa Gusau, har zuwa Ƙauran Namoda a 1929, ta kusanto da wannan yanki ga Zariya da kudu. A ƙananan garuruwa kuwa, a wancan zamani, inda gidaje ba su da lamba, adireshi yakan rataya ne a wuyan wani sananne: a hannun hedimasta, ko ofishin hakimi, ko wani mai kanti. Wasiƙar ɗalibi, da fosta oda ta ɗan ci-rani, da katin zaɓi-sonka na Rediyon Kaduna, duk ta nan suke bi. Wanda bai iya boko ba sai ya nemi mai rubuta masa, ya sayi kan sarki ya liƙa, asirinsa kuma ya zama na mutum biyu.

Sunaye ba su daina haihuwa ba. Direbobin hanyar Gusau zuwa Sakkwato sun san Lambar Bakura, mararrabar da ake ratsewa zuwa Bakura, garin Sarkin Burmi. Madatsar ruwan Bakolori, da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ta tashi dubban manoma, aka tsugunar da wasunsu a Sabuwar Maradun. A ganina wannan ce matsalar da ta fi ta rubutu ciwo, domin ƙauyen da ruwa ya ci ba shi da sauran adireshi.

A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar wasiƙu da tarho, P&T, aka samu NIPOST da NITEL. A 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, layin ƙarshe na adireshin Mafara, Bakura da Maradun ya tashi daga Jihar Sakkwato. Wayar salula ta shigo a 2001, kuma yau da yawa daga cikin saƙonnin yankin direban tasha ake damƙa wa, a rubuta lambar wayar mai karɓa a jikin kwali.